Mai Gashin Bakin Jikin Kwandala: Tarihin Herbert Macaulay (1864–1946)

A wannan fitowa filinmu na tarihin magabata zai yada zango ne a Legas, wajen wani dattijo wanda da yawanmu mun taɓa riƙe hotonsa a tafin hannu amma ƙalilan ne za su iya kawo sunansa. Ina nufin mutumin nan mai murɗaɗɗen gashin baki da ke jikin kwandalar naira ɗaya. Sunansa Herbert Macaulay. Mu da aka haifa bayan shekarar 2000 mun tarar da kwandalar tana gargarar mutuwa, yau kuwa ko yaro ka miƙa wa ya sayi alewa sai ya dube ka sama da ƙasa. Idan kuɗi ya fita daga aljihu, mai hoton da ke jiki ma yakan fita daga zukata, shi ya sa na ga ya dace mu waiwaye shi. Akwai kuma dalilin da ya shafe mu kai tsaye, mu 'yan kwalejin kimiyya da fasaha: mutumin nan ɗan safiyo ne kuma injiniya, da sarƙar awo da taswira ya fara neman abinci kafin siyasa ta ɗauke shi.

Yadda fuskarsa ta hau kuɗi

Kakanninmu sun ci kasuwa da anini da ɗari da kwabo mai huda a tsakiya, da taro da sisi da sule. Waɗannan kuɗin Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma ne, wadda Turawa suka kafa a 1912, kuma sunan sarkin Ingila ne a jikinsu. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 1959, amma har a sulallan da ya fitar a shekarar sarauniyar Ingila ce dai a jiki. Sai ranar 1 ga Janairun 1973 aka yi ban kwana da fam da sule, naira da kwabo suka shigo, fam ɗaya ya zama naira biyu. Bahaushe dai bai saki tsohon suna ba, ya ci gaba da kiran kwabo goma sule, kwabo biyar kuma sisi. Sababbin kwabban ba su ɗauki hoton kowa ba, arzikin ƙasa aka zana musu: auduga a rabin kwabo, rijiyar mai a kwabo ɗaya, koko a kwabo biyar, bishiyar kwakwar manja a kwabo goma, gyaɗa a kwabo ashirin da biyar.

Ɗan Nijeriya na farko da ya hau kuɗin ƙasarsa shi ne Janar Murtala Muhammad, a takardar naira 20 da ta fito a Fabrairun 1977, shekara guda bayan kashe shi. Ranar 1 ga Oktoban 1978 gwamnati ta ayyana mutum uku a matsayin gwarzayen ƙasa, aka kuma sa hotunansu a sababbin takardun da suka fito ranar 2 ga Yulin 1979: Alvan Ikoku a naira 10, Abubakar Tafawa Ɓalewa a naira 5, Herbert Macaulay a naira 1. Da darajar naira ta yi ƙasa, a 1991 aka mai da naira ɗaya da kwabo hamsin ƙarfe, Macaulay ya sauko daga takarda ya koma kwandala. Ranar 28 ga Fabrairun 2007 aka sake ƙera ta da ƙarfe mai launi biyu, tare da 'yar'uwarta naira 2 mai hoton ginin Majalisar Tarayya da ke Abuja. Ita ce wadda muka sani muna yara. To wane ne shi, kuma me ya yi har aka ga ya cancanci zama a jikin naira guda, wadda ita ce ma'aunin duk sauran kuɗin?

Asalinsa

An haife shi a Legas ranar 14 ga Nuwamban 1864, shekara uku kacal bayan Turawan Ingila sun karɓe garin daga hannun Oba Dosunmu a 1861. Gidansu gidan boko ne da coci tun daga tushe. Mahaifinsa, Thomas Babington Macaulay, limamin coci ne, shi ya kafa makarantar CMS Grammar School a 1859, wadda ake lissafawa a matsayin sakandare ta farko a Nijeriya. Mahaifiyarsa Abigail 'yar Samuel Ajayi Crowther ce, Bayarben da aka kama bawa yana yaro, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku aka sauke shi a Saliyo, ya yi karatu har ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin bishop a cocin Angilikan. A shekarar da aka naɗa kakan, a cikinta aka haifi jikan.

Ire-iren waɗannan iyalai, jikokin bayin da aka 'yanta suka dawo daga Saliyo, su ake kira Saro a Legas. Suna da sunayen Turawa, suna sa kwat, suna jin Turanci kamar Bature, kuma yawancinsu sun ɗauka mulkin Ingila alheri ne. Duk wanda ya ga Herbert yana yaro zai ce ai wannan ɗan gidan gwamnati ne har abada. Mahaifinsa ya rasu a 1878 yana ɗan shekara goma sha uku. Ya gama makarantar da uban ya kafa a 1880, ya ɗan bi jirgin kasuwanci na kawunsa a kogin Kwara har ya ga Lakwaja, sannan a 1881 ya kama aikin akawu a Ma'aikatar Ayyuka ta Legas.

Karatun hannu da aikin safiyo

A ma'aikatar aka ga yana da hannu a zane da lissafi, sai gwamnati ta biya masa ya tafi Ingila a 1890. Ga wurin da nake so mu lura. Ba jami'a ya shiga ba. Garin Plymouth aka tura shi, ya zauna shekara uku ƙarƙashin injiniyan garin, mai kula da safiyo da ruwan famfo, yana koyon aiki a fili: awon ƙasa, shimfiɗa bututu, zanen gini. Da yarenmu na yau, sai mu ce doguwar koyon sana'a ya yi irin wadda ake tura mu kamfanoni. A gefe guda kuma ya koyi kiɗa, ya ƙware a gogen Turawa, abin da bai rabu da shi ba har tsufa.

Ya dawo a 1893 aka ba shi aikin safiyon filayen gwamnati. Wannan kujera ce ta buɗe masa ido. Shi ke auna filin da gwamnati ta ce nata ne, shi ke ganin takardun da aka kafa hujja da su, shi ke jin koken iyalan da aka tasa. A lokaci guda yana ganin Baturen da bai fi shi sanin aiki ba yana ɗaukar albashin da ya ninka nasa. A Satumban 1898 ya ajiye aikin ya buɗe ofishin kansa na safiyo da zanen gine-gine.

Masu tarihi sun rabu biyu a kan dalilin tafiyar tasa. Wasu sun ce wariyar launin fata ce ta ishe shi. Wasu kuma, da suka bi takardun gwamnatin lokacin, sun nuna cewa shugabanninsa Turawa sun zarge shi da amfani da kujerarsa wajen sama wa abokai filaye da kuma yin aikin kansa a ɓoye. Na kawo duka biyun ne don kada mu mai da mutumin waliyyi. Abin da ba a jayayya a kai shi ne ya fita daga gwamnati yana riƙe da ilimin da ba kowane ɗan ƙasa ke da shi ba: ya san yadda ake ƙwace fili da alƙalami, ya kuma san inda takardun suke da rauni.

Ya yi aure a ƙarshen 1898, matar ta rasu tun ba a cika shekara ba. Gidansa da ake kira Kirsten Hall a tsibirin Legas ya zama majalisa, masu ƙorafi na shiga suna fita, daga sarakunan gargajiya har matan kasuwa.

Farkon karo da gwamnati

A 1908 ya fitar da wata ƙasida da ta tona almundahanar da ake yi da kuɗin aikin jirgin ƙasa a zamanin Gwamna Egerton. A wannan tsakanin ne kuma gwamnati ta ƙudurci janyo ruwan famfo daga Iju, ta ce mutanen gari ne za su biya da haraji. Mutanen Legas suka ce atafau, ai unguwannin Turawa ne za su fi shan ruwan, don me talaka mai rijiya a gida zai biya? Macaulay ya tsaya tare da su. Abin sha'awa, shi da ya koyi aikin ruwa a Ingila ya fi kowa sanin amfanin famfo. Rigimarsa a kan wa zai biya ce, da kuma wa aka tambaya kafin a yanke.

Sai ga babban tuntuɓe a 1913. Kotu ta same shi da laifin taɓa dukiyar gadon wata mata da aka ba shi amanar rabawa, aka ɗaure shi shekara biyu. Magoya bayansa sun ce bi-ta-da-ƙulli ne, masu adawa da shi suka ce halinsa ne ya fito. Ko ma dai yaya ne, hukuncin ya haramta masa tsayawa takarar kowace kujera har ƙarshen rayuwarsa. Ku riƙe wannan, domin mutumin da ake kira uban kishin ƙasa a Nijeriya bai taɓa zama ɗan majalisa ko kansila ba, ko na yini ɗaya.

Shari'ar filin Apapa

Idan aka ce in zaɓi abu guda da ya sa ya cancanci kwandalar nan, wannan zan ɗauka. A 1913 gwamnati ta karɓe wani makeken fili a Apapa, yankin da tashar jiragen ruwa take a yau. Filin yana ƙarƙashin Amodu Tijani, mai sarautar Oluwa, ɗaya daga cikin sarakunan Legas masu farar hula waɗanda ke riƙe da ƙasa a madadin zuriyarsu. Oluwa ya nemi diyyar filin gaba ɗaya. Kotunan Legas suka ce a'a, tun da Dosunmu ya miƙa Legas a 1861 ƙasa ta zama ta sarautar Ingila, shi Oluwa mai lura ne kawai, sai dai a ba shi ɗan abin da ya yi daidai da haƙƙin lurar.

Kun ga inda gizo ke saƙar. In wannan hukunci ya zauna, duk wata gona da duk wani gida da ba shi da takardar Bature ya zama abin da gwamnati za ta ɗauka da ɗan kuɗin goro. Macaulay ya shirya takardun ɗaukaka ƙara, ya bi tarihin filin, sannan a 1920 ya raka Oluwa Landan a matsayin sakatare da tafinta, zuwa kwamitin shari'a na majalisar sarkin Ingila, wanda shi ne kotun ƙoli ta duk ƙasashen da Ingila ke mulka. A Yulin 1921 aka yanke hukunci, Oluwa ya yi nasara. Alƙalan suka ce miƙa mulki a 1861 bai shafe haƙƙin mutane a kan ƙasarsu ba, kuma mallakar al'umma mallaka ce cikakkiya ko da ba ta yi kama da tsarin Ingila ba, don haka a biya cikakkiyar diyya a raba wa masu haƙƙi. Daga ƙarshe an biya fam 22,500, kuɗi mai kauri ƙwarai a wancan zamani.

Hukuncin bai tsaya a Legas ba. Har a 1992, lokacin da babbar kotun Ostareliya ta amince cewa 'yan asalin ƙasar suna da haƙƙi a kan filayen kakanninsu, a shari'ar da ake kira Mabo, ta kafa hujja da shari'ar Amodu Tijani. Mu a Arewa kuwa labarin daban ne, domin tun 1910 dokar Turawa ta sa duk ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna. Wani abin dubawa kuma, a 1978, shekarar da aka ayyana Macaulay gwarzo, a cikinta aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. Yau idan gwamnati ta karɓi gonar mutum don aikin jama'a, diyyar gini da shuka ake lissafa masa, ita ƙasar kanta ba a saye ta daga hannunsa. 'Yan sashen safiyo da na kula da filaye da kadarori sun san wannan a aji. Tambayar da ya kai Landan tana nan da ranta.

Rikicin Eleko da ɗauri na biyu

Tafiyar Landan ta haifi wata rigimar. Sarkin Legas na lokacin, Eleko Eshugbayi, ya ba Oluwa aron sandar sarautarsa, Macaulay kuma ya riƙa ɗaukarta a bainar jama'a. Ya kuma yi wa jaridun Landan bayanin irin ɗan albashin wulaƙanci da ake ba magajin gidan mutumin da ya miƙa Legas. Gwamnati ta fassara maganar da cewa ana nufin Eleko ne sarkin Nijeriya duka, ta umarce shi ya fito fili ya ƙaryata Macaulay yadda ta tsara. Eleko ya ƙi. Aka tsayar da albashinsa, a 1925 kuma aka tuɓe shi aka kai shi Oyo.

Shekara shida Macaulay yana wannan faɗa, a kotu da kuma a jarida. A 1927 shi da abokinsa Dakta Caulcrick suka sayi jaridar Lagos Daily News, ta zama bakinsa. Alƙalaminsa kaifi gare shi, wani lokaci har ya wuce gona da iri. A 1928 jaridar ta buga jita-jitar cewa ana shirin tayar da motar da za ta dawo da Eleko da albarushi, aka kama shi aka ɗaure shi wata shida a kurkukun Broad Street, yana da shekara sittin da uku. Wannan kurkuku yanzu an mai da shi wurin shaƙatawa da tunawa da tarihi mai suna Freedom Park. A 1931 sabon gwamna, Donald Cameron, ya ga rigimar ba ta da ranar ƙarewa, ya bar Eleko ya dawo gida. Legas ta cika ta batse ranar.

A nan ne ƙarfin mutumin yake. Ɗan Saro ne mai kwat, Kirista jikan bishop, amma rundunarsa matan kasuwa ne ƙarƙashin Alimotu Pelewura, da Musulmin tsibirin Legas, da sarakuna masu farar hula, mutanen da 'yan bokon zamaninsa ke yi wa kallon jahilai. Matan kasuwa su suka riƙa tara kuɗi da abinci suna riƙe gidan Eleko lokacin da aka yanke masa albashi. Yarbawa suka yi masa laƙabi da macijin da ke yawo a titi, saboda ba a san ta inda zai ɓullo ba.

Jam'iyya ta farko

A 1922 Gwamna Clifford ya kawo tsarin mulkin da ya ba da damar zaɓen mutum huɗu zuwa majalisar dokoki, uku daga Legas, ɗaya daga Kalaba. Mai jefa ƙuri'a sai namiji mai samun aƙalla fam 100 a shekara, wato an zubar da mata da talakawa tun daga bakin ƙofa. Arewa kuwa ba ta ma cikin lissafi, gwamna ne ke yi mata doka shi kaɗai. Duk da ƙanƙantar ƙofar, Macaulay ya ce a shiga. Ranar 24 ga Yunin 1923 ya kafa NNDP, jam'iyyar siyasa ta farko a Nijeriya. Tun da shi ba ya iya tsayawa, sai ya tsayar da wasu, irin su lauya Egerton Shyngle da Eric Moore da Dakta Adeniyi-Jones. Jam'iyyar ta lashe kujerun Legas uku a 1923, ta maimaita a 1928 da 1933.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, sunan jam'iyyar ne na ƙasa, aikinta na Legas ne. Ba ta kafa rassa masu ƙarfi a cikin ƙasa ba, kuma ba 'yancin kai take nema ba a lokacin, gyara take nema a cikin mulkin Turawan. Da tafiya ta yi nisa ma sai dattijon ya fara shiri da gidan gwamna, matasa suka fara ganin ya huce.

Abin da ya tayar da matasan zai ba ku mamaki, domin ciwonmu ne na yau. A 1934 gwamnati ta buɗe Babbar Kwalejin Yaba, tana ba da difloma a aikin likita da injiniya da safiyo da sauransu. Diflomar ba ta da daraja a wajen Nijeriya, kuma mai ita mataimaki zai zauna a ƙarƙashin mai digirin Ingila komai iya aikinsa. Ernest Ikoli da H. O. Davies da Samuel Akinsanya da Dakta Vaughan suka kafa ƙungiyar matasan Legas don yaƙar wannan, daga baya ta zama ƙungiyar matasan Nijeriya, NYM. A zaɓen 1938 suka kayar da jam'iyyar Macaulay a duka kujeru ukun. Ashe bambancin difloma da digiri da muke kuka da shi ya girmi Nijeriya mai 'yanci da shekara ashirin da shida, har ya taɓa kayar da jam'iyya.

Tafiyar ƙarshe ta biyo ta Kano

Mutum mai shekara saba'in da uku da aka kayar haka, kowa zai ce ya koma gida ya rungumi gogensa. Ɗalibai ne suka sake fito da shi. A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ɗaliban King's College ta Legas suka yi bore saboda sojoji sun karɓe ɗakunan kwanansu an mai da su wani wuri marar kyau. Hukuma ta kori wasu, ta tilasta wa wasu shiga soja. Ƙungiyar ɗaliban Nijeriya ta kira taron manya ta ce a haɗa kai. Daga wannan yunƙuri aka kafa NCNC ranar 26 ga Agustan 1944, Macaulay shugaba, Nnamdi Azikiwe babban sakatare. Tsoho mai kusan tamanin da matashi mai kusan arba'in suka haɗu a inuwa guda. Duk mai raina ƙungiyar ɗalibai ya sake karanta wannan sakin layi.

Ba a jima ba Gwamna Richards ya fito da sabon tsarin mulki ba tare da ya shawarci 'yan ƙasa ba. Tsarin ya raba ƙasa yanki uku, ya kawo Arewa da Kudu majalisa guda a karo na farko, amma kujerun zaɓe suna nan huɗu kamar yadda suke tun 1923. Ga kuma wasu dokoki na 1945 da suka shafi ma'adinai da filaye da ikon naɗa sarakuna da tuɓe su, wato dai abubuwan da Macaulay ya ƙare rayuwarsa yana faɗa a kansu. NCNC ta yanke shawarar zagaya ƙasa, ta yi wa jama'a bayani, ta tara kuɗin tura wakilai Landan.

A Afrilun 1946 ayarin ya tashi daga Legas, dattijo mai shekara 81 a gaba. Wanda aka daɗe ana yi wa gorin cewa siyasarsa ba ta wuce tsibirin Legas ba, ga shi ya nufo Arewa a ƙarshen ƙarfinsa, cikin zafin bazara. A Kano ciwo ya kayar da shi. Aka mai da shi Legas, ya rasu ranar 7 ga Mayun 1946, aka binne shi a maƙabartar Ikoyi, kasuwanni a rufe, Azikiwe ya yi jawabin bankwana. Ayarin ya ci gaba da zagayen, aka tara kimanin fam 13,000, a 1947 wakilai bakwai suka tafi Landan, cikinsu har da Funmilayo Ransome-Kuti da Bukar Dipcharima daga Barno. Sakataren ƙasashen mulkin mallaka ya ce su koma su gwada tsarin tukuna. Tsarin dai bai yi tsawon rai ba, a 1951 aka maye gurbinsa, shekara tara bayan nan aka sauke tutar Ingila. Macaulay bai ga ranar ba, ya riga ta da shekara goma sha huɗu.

Abin da ya rage

Sunansa yana kan manyan tituna a Legas da Abuja, takardunsa suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan. Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda ta gaji waccan Babbar Kwaleji a 1947 kuma ita ce uwa ga duk kwalejojin fasaha irin tamu, tana kan titin da ke ɗauke da sunansa. Ita kuwa kwandalar, a doka har yanzu kuɗi ce, Babban Banki bai soke ta ba. Kasuwa ce ta soke ta. Hauhawar farashi ta cinye darajarta har ya zama babu abin da za ta saya, kuma asarar ba ta tsaya a tarihi ba. Inda babu ƙananan kuɗi, farashi ba ya hawa da naira ɗaya ko biyu, tsalle yake yi da goma ko hamsin, saboda mai shago ba shi da canji. Duk wanda ya sayi ruwan leda ko ya hau Keke daga bakin get ya san wannan a jikinsa.

Ni dai abin da na ɗauka daga rayuwarsa, a matsayina na mai shirin fita da difloma, shi ne ilimin hannu ba ƙaramin makami ba ne. Lauyoyi sun yi magana a kotun Landan, amma wanda ya san iyakar filin da tarihin takardunsa ɗan safiyo ne. Na kuma ɗauki gargaɗi: zargin 1898 da hukuncin 1913 duk a kan amanar fili da dukiya suke, kuma na biyun ya rufe masa ƙofar takara har abada. Mu da za a danƙa wa awon filayen mutane da lissafin kuɗin gini, wannan ya ishe mu wa'azi.

Ina ba shugabannin ƙungiyarmu shawara, a makon ɗalibai mai zuwa a ware tebur guda a baje tsofaffin kuɗin Nijeriya, daga anini da kwabo mai huda zuwa naira 50 ta cikar shekara hamsin da 'yanci da aka fitar a 2010, da naira 100 ta cikar shekara ɗari da haɗe Arewa da Kudu da aka fitar a 2014. Kowa ya binciki adakar kakarsa idan ya je hutu, za a samu. A ƙarƙashin kowane kuɗi a rubuta sunan mai hoton da abin da ya yi. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, ina fatan wani daga sashen zane da ƙere-ƙere zai ɗauko mana tarihin Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ke bayan naira 20.